Rabin Awa a Gidan Tsohuwa: Yadda Jinyar Gida Ta Sami Ƙa'ida a Ingila

Ƙarfe bakwai saura kwata nake isa gidan farko. In lokacin sanyi ne gari bai waye ba, titi shiru, sai ƙarar takalmina a kan raɓar da ta daskare. A gefen ƙofa akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da aka kafe a bango. In danna lambobi huɗu, ya buɗe, in zaro mabuɗi. Mabuɗin yana hannuna, amma ba ni da izinin faɗawa gidan haka kawai, sai na ƙwanƙwasa, na ɗaga murya na faɗi sunana. Ina shiga sai in kara wayata a jikin wata 'yar alama da ke bayan ƙofa, ofis ya ga na iso. Daga nan agogo ya fara ci. Minti 30 gare ni in tayar da tsohuwa, in raka ta bayi, in wanke mata jiki, in shafa mata mai, in duba fatar bayanta da dugaduganta, in sa mata kaya, in haɗa shayi da gasasshen burodi, in ba ta magani, sannan in rubuta duk abin da na yi.

Wannan ce sana'ata tun 2022, a wani gari da ke arewa maso yammacin Ingila. Kafin nan malamar tarihi ce ni a wata sakandare a Zariya, kuma mai hali ba ya barin halinsa. Duk abin da aka ce mini doka ce, sai na so sanin wanda ya kafa ta da abin da ya faru har aka kafa. A aikin jinyar gida kuwa dokoki sun yi yawa, har da yadda za ki riƙe cokali.

Tsohuwar gidan farkon nan ita ta ɗora ni a kan hanya. Shekararta 91. Wata safiya ina durƙushe ina sa mata safa, ta tsura wa safar hannuna ta roba ido, ta dubi ledar da na ɗaura a gaba, ta dubi wayar da ke aljihuna, sai ta fashe da dariya. Ta ce ita ma wannan aikin ta yi, kusan shekara 30, kuma ba ta tuna ta taɓa sa hannu a wata takarda ba in ba ta albashi ba. Ashe ƙafar 'yar'uwar sana'a nake riƙe da ita. Tun daga ranar, kowace safiya sai ta gutsuro mini labari, ni kuma in dare ya yi in bi littattafai in ga inda labarinta ya faɗa.

Abin da ta fara ba ni labari tsoro ne. Mahaifiyarta har ta mutu ba ta yarda an kwantar da ita a asibitin garinsu ba, domin ginin a da can gidan aikin matalauta ne. Dokar matalauta ta 1834 ita ta cika Ingila da waɗannan gidaje. Wanda tsufa ko naƙasa ta kayar, ba shi da mai riƙe shi, can ake kai shi. A bakin ƙofa ake raba miji da mata, a sa wa kowa rigar gidan, kuma da gangan aka tsananta zaman wurin don kada kowa ya yi sha'awar shiga. Saboda haka talakan Ingila ya gaji magana ɗaya kaka da kakanni, cewa ko ta halin ƙaƙa a bar shi ya mutu a ɗakinsa. Daga wannan tsoron sana'armu ta samo asali.

Jinyar gida mai tsari ta soma ne a Liverpool a 1859. Matar wani attajiri, William Rathbone, ta yi doguwar jinya a gida ta rasu. Ya ga irin sauƙin da ma'aikaciyar jinyar da ya ɗauka, Mary Robinson, ta kawo wa matarsa, sai ya tambayi kansa yaya talakan da ba shi da ko sisi yake yi. Ya biya ta ta zaga gidajen matalauta na wata uku. Bayan wata ɗaya ta dawo ta ce a sallame ta, abin da take gani ya fi ƙarfinta. Ya lallashe ta ta koma, daga baya kuma ta ce ba ta da wani aiki sai wannan. Rathbone ya nemi shawarar Florence Nightingale, aka buɗe makarantar horar da masu jinya a garin a 1862, aka yanka Liverpool gunduma 18, kowace da mai zaga ta. To amma wannan layin nas-nas ne, masu horo da takardar shaida. Wadda za ta hura wuta, ta wanke zanen gado, ta dafa abinci, ba wanda ya ɗauke ta ma'aikaciya. Aikin 'ya ne, ko suruka, ko maƙwabciya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da hukuma ta fara biyan irin wannan matar, ba don tsofaffi ta yi ba, don masu jego ta yi. Dokar kula da uwa da jariri ta 1918 ta ba ƙananan hukumomi damar tura mace gidan mai haihuwa ta riƙe mata gida har ta warware. Da na karanta haka sai na tuna gwaggona da ake ɗaukowa daga Giwa duk lokacin da aka haihu a gidanmu, ta zauna har a yi arba'in. Turawa sun sa wa wannan mace suna mai taimakon gida. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da 'yan mata suka watse masana'antu, maza suka tafi fagen daga, aka bar tsofaffi su kaɗai, sai aka faɗaɗa aikin ya haɗa da su da marasa lafiya. A 1948, shekarar da aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, aka kuma binne tsohuwar dokar matalauta, an bar wa kowace ƙaramar hukuma zaɓi, in ta ga dama ta samar da masu taimakon gida. Sai dokar 1968 ce ta mai da shi wajibi, aka fara aiki da hakan a 1971.

Masu naƙasa kuma ta wata ƙofar suka shigo. Alf Morris ɗan majalisa ne daga Manchester. Mahaifinsa ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ba ido ɗaya, ba ƙafa ɗaya, huhunsa ya lalace da iskar guba, ya rasu Alf yana yaro. Da ƙuri'ar gabatar da ƙudurin doka ta faɗo kansa a majalisa, abin da ya gani a gidansu ya kawo. Dokarsa ta 1970 ta tilasta wa ƙananan hukumomi su nemi sanin masu naƙasa da ke yankinsu, su ba su taimako a gida, su gyara musu matakala da bayi, su kai musu abinci, har da sa musu tarho. A 1974 ya zama ministan masu naƙasa na farko a Birtaniya.

A tsakiyar wannan zamanin tsohuwata ta shiga aikin, ma'aikaciyar ƙaramar hukuma. Ta ce gida biyu ko uku take yi a rana, kowane ta shafe awa biyu. Ta kwashe toka, ta hura gawayin kwal, ta goge dakalin ƙofa, ta yi wanki, ta ɗauki littafin fansho ta je gidan waya ta karɓo wa mai gida kuɗinsa, ta biya kasuwa. Gida ɗaya sai ta shekara goma tana zuwa. Ta san wanda ba ya shan shayi sai a kofin matarsa da ta rasu. In ta ga madarar jiya ba a taɓa ba, ta san akwai magana, ta kira likita. Jana'izar mutanenta kuwa ba ta iya ƙirga nawa ta halarta.

Na ce mata, ashe zamaninku ya fi namu. Ta girgiza kai. Ta ce ranar da aka ɗauke ta ba wanda ya binciki ko ta taɓa sata, ba wanda ya koya mata yadda ake ɗaga mutum. Rigar aiki aka miƙa mata da adireshi. Ta ba ni labarin wata abokiyar aikinsu da ta shekara tana tsakurar fanshon wani makaho, ba a gane ba sai bayan ya mutu. Ta nuna mini bayanta, ta ce wannan ranƙwafawar ba duka tsufa ba ce, wani dattijo ne ya zame a wajen wanka ta tare shi ita kaɗai. A zamaninsu in ka dace da mutuniyar kirki ka huta, in ba ka dace ba, ƙofa a rufe take, ba mai jin kukanka.

Kuɗi ne ya juya al'amarin. A shekarun 1980 gwamnati tana biya wa tsoho mara hali kuɗin zama a gidan kula da tsofaffi na 'yan kasuwa ba tare da an duba ko yana buƙata ba, alhali taimakon gida yana hannun ƙananan hukumomi da aljihunsu ya ƙafe. Kuɗin ya tashi daga kimanin fam miliyan 10 a 1979 zuwa sama da fam biliyan 2 a farkon shekarun 1990. Gwamnatin Margaret Thatcher ta ɗauko Roy Griffiths, babban jami'in kantunan Sainsbury's, ya duba. Rahotonsa na 1988 ya haifi dokar 1990, wadda ta fara aiki sosai a Afrilun 1993. Ƙaramar hukuma ta koma mai auna buƙata da sayen hidima, aka kuma gindaya mata cewa kashi 85 cikin 100 na sabon kuɗin da aka ba ta sai ta kashe shi a wajen masu zaman kansu. A 1993 kusan kashi 95 cikin 100 na awoyin jinyar gida ma'aikatan hukuma ke yi. Kafin shekara 20 ta cika, abin da ya rage a hannunsu bai fi kashi 11 ba.

Aikin kansa ma ya sauya kama. Tunda manufar ita ce a riƙe mutum a gidansa komai nauyin ciwonsa, sai aka ajiye tsintsiya aka koma kan jiki. Mai taimakon gida ta zama mai wanka, mai canza ƙunzugu, mai zubar da jakar fitsari, mai ba da magani, aikin da a da nas ke yi a asibiti. Masu ƙaramar buƙata, irin masu son a share musu ɗaki a yi musu cefane, aka zare su daga layi. Awa biyu ta koma rabin awa, wani wurin ma kwata. A 1993 ɗin ne tsohuwata ta ajiye aiki. Ta ce ranar da aka miƙa mata takarda mai gida tara kafin azahar, ta san ba da ita ake ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Daga 1993 zuwa 2003, shekara goma cur, babu dokar ƙasa da ta tilasta wa kamfanin jinyar gida rajista ko bincike. Mai tarho da ɗan ofis yana iya tura baƙo ɗakin kwanan tsohuwa ya tuɓe ta. Gidajen kula da tsofaffi ana duba su tun tuni, amma gidan mutum na kansa an bar shi a duhu. Dokar ƙa'idojin kula ta 2000 ce ta toshe ɓarakar. A 2002 aka buɗe ofishin binciken tarihin laifuka na masu neman aiki, a 2003 aka fara yi wa kamfanonin rajista bisa rubutattun ƙa'idoji, a 2004 aka buɗe kundin sunayen waɗanda aka haramta wa aiki da manya masu rauni. Hukumar da ke binciken kamfanonin ta canza suna sau ɗaya kafin a 2009 ta zama Hukumar Kula da Ingancin Jinya, wadda kowa ke kira CQC. A ɗaya ɓangaren, masu naƙasa da suka gaji da a zaɓa musu wanda zai shiga ɗakinsu sun yi gwagwarmaya har aka yi dokar 1996, wadda ta yarda a ba mutum kuɗin a hannunsa ya ɗauki mai taimakon da yake so. Hujjarsu ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari in nuna muku yadda ƙa'ida take a aikace. Gida na uku a layina na wani magidanci ne da ɓarin jikinsa ya shanye. Ba na shiga sai abokiyar aikina ta iso, domin takardarsa ta ce mutum biyu. A gefen gadonsa akwai injin ɗaga mutum. Kafin mu taɓa shi sai na duba 'yar takardar da ke liƙe a jikinsa, in ga ranar da aka gwada shi, domin dokar 1998 ta ce duk na'urar da ke ɗaga ɗan'adam a bincike ta kowane wata shida. Mu mirgina shi gefe, mu shimfiɗa majanyin injin a ƙarƙashinsa, mu mirgino shi, mu maƙala igiyoyin kowace a launin da aka rubuta, ta kafaɗa daban ta cinya daban. Kowane mataki sai na faɗa masa kafin in yi, in jira ya gyaɗa kai. Ya tashi sama a hankali kamar jariri a goye, mu sauke shi a kujera. An hana mu cusa hannu a hammatar mutum mu finciko shi, tun bayan dokar ɗaukar kaya mai nauyi ta 1992, saboda yana ɓalla kafaɗar majinyaci, yana karya bayan mai jinya. Shayinsa sai an zuba wani gari ya yi kauri kamar koko, don kada ya ƙware ruwan ya gangara huhu. Maganinsa kuma akwai takarda mai gidaje gidaje, kowace ƙwaya da gidanta. In ya ƙi sha ba na ɓoye masa a abinci, sai in rubuta ya ƙi, in sanar da ofis. Dokar 2005 ta ce a ɗauki baligi a matsayin mai hankalin yanke wa kansa hukunci har sai an tabbatar ba haka ba, ko da hukuncin bai yi mana daɗi ba.

Ranar da aka koya mana gyambon kwanciya a ajin horo, fita na yi na shiga bayi na yi kuka. Kakata ta wajen uba ta kwanta wata bakwai a ɗakin Ummata bayan hawan jini ya kayar da ita. Mu jikoki muna karɓa-karɓa, ba ta taɓa kwana ita kaɗai ba, ba ta taɓa rasa mai yi mata fifita ba. Amma a rigingine muka bar ta, don muna ganin juya ta wahalar da ita ne. Da wani tabo ya fito a ƙugunta muka riƙa murza shi da man zafi. Tabon ya fashe, ya zurma har ana hango ƙashi, zazzaɓi ya biyo baya. Kunu kuwa a kwance muke ɗura mata, tana tari muna cewa sannu Iya. Malamar ajin ta ce matsin jiki a kan katifa shi ke hana jini zagayawa har nama ya mutu, maganinsa juyi a kan kari, kuma ba a murza wurin. Hotunan da ta nuna duk na farar fata ne, inda wurin ke yin ja. Sai da na tambaya ta ce a baƙar fata duhu yake ƙarawa, ko ya yi zafi, ko ya yi tauri. Kwana ya ƙare, na sani, ba na jayayya da ƙaddara. Amma azabar watannin nan da sani ya rage ta. Mun ba Iya duk ƙaunar da muke da ita, ilimin ne babu.

Kada mai karatu ya ɗauka da aka rubuta ƙa'ida shi ke nan an huta. A Nuwamban 2011 hukumar kare haƙƙin ɗan'adam da daidaito ta Birtaniya ta fitar da sakamakon binciken da ta yi kan jinyar tsofaffi a gidajensu. Kusan rabin waɗanda suka ba da shaida sun gamsu da hidimar. Sauran kuwa, akwai wanda aka ajiye wa abinci inda hannunsa ba ya kaiwa, akwai wanda aka bari cikin ƙazantarsa, akwai wanda ake kwantarwa tun la'asar don haka jadawalin kamfani ya tsara. A Janairun 2013 jami'an shige da fice suka kai samame wani kamfanin jinya, aka rufe shi. Wata tsohuwa 'yar shekara 81 a yankin Surrey, wadda ake zuwa wa sau huɗu a rana, sunanta ya faɗi tsakanin takardu. Kwana tara ba wanda ya buɗe ƙofarta, ba ci ba sha ba magani. Wata nas ce ta same ta, aka kai ta asibiti, ta cika bayan 'yan kwanaki. A Oktoban shekarar ƙungiyar Leonard Cheshire mai tallafa wa masu naƙasa ta bayyana cewa kashi 60 cikin 100 na ƙananan hukumomi suna sayen ziyarar minti 15. A kwatan awa, mutum sai ya zaɓa, ko a kai shi bayi ko a ba shi shayi.

Abin da ya biyo baya shi ne tsarin da na tarar. Dokar kula ta 2014, wadda ta fara aiki a Afrilun 2015, ta wajabta wa ƙaramar hukuma bincike da zarar an yi zargin cutar da babba mai rauni, ta kuma ɗora mata riƙe mutane in kamfanin da ke kula da su ya durƙushe. Bayan binciken da Camilla Cavendish ta yi a 2013, inda ta tarar ana tura wasu gidajen mutane bayan an nuna musu faifan bidiyo kawai, aka ƙirƙiro takardar shaidar kula mai darussa 15, wadda ni ma sai da na yi. CQC ta koma yi wa kowane kamfani tambaya biyar: shin mutane suna cikin aminci, hidimar tana aiki, akwai tausayi, ana sauraron buƙata, shugabanci yana da kyau? Sannan ta ba shi ɗaya daga maki huɗu, a manna a intanet kowa ya gani. A Satumban 2015 cibiyar NICE mai tsara ƙa'idojin lafiya ta ce ziyara kada ta gaza rabin awa sai da dalili, kuma a yi ƙoƙari fuskokin da mutum ya saba da su su riƙa zuwa masa.

Wannan ta ƙarshen ita ce har yau ta gagara. Na taɓa ƙirgawa a littafin ziyarar tsohuwata, a wata guda mu 11 muka shiga ɗakinta. Albashin aikin yana gindin mafi ƙarancin albashi, mutane suna shiga suna fita kamar kasuwa. Akwai ranar da jadawalina ya nuna in bar wani gida ƙarfe tara, in kasance a wani ƙarfe tara, alhali tsakaninsu tafiyar minti 12 ce. Daga jikin wa za a yanki mintocin nan? Daga shayin wani, ko daga hirar da ita kaɗai zai yi da ɗan'adam a ranar. Wayata tana iya shaida wa ofis na iso kuma na fita. Ba ta iya shaida cewa na lura madarar jiya ba a taɓa ba. Wannan sai wadda ta san gidan. Ita kanta hukumar binciken, wani nazari da gwamnati ta sa aka yi a 2024 ya gano tana da manyan kurakurai, har akwai wuraren da aka shekara da shekaru ba a leƙa ba.

Ƙarancin ma'aikata shi ya kawo mu. A shekarar 2021 zuwa 2022 guraben da ba kowa a aikin kula da manya a Ingila sun kai kimanin 165,000. A Fabrairun 2022 aka buɗe biza ga masu jinya daga waje, 'yan Indiya da Najeriya da Zimbabuwe suka fi kowa shigowa. Wasu sun dace. Wasu dillalai sun karɓe musu miliyoyin naira, haram a dokar ƙasar, suka iso suka tarar ba aiki ba kamfani. Tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 gwamnati ta soke lasisin ɗaukar baƙi na kamfanoni sama da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. A Maris ɗin 2024 aka hana sababbin zuwa taho da iyali, a Yulin 2025 aka rufe ƙofar ɗauko masu jinya daga waje. Duk wanda ya ce miki yau zai sayar miki da gurbin wannan aikin daga Kano ko Kaduna, riƙe kuɗinki. Kuma wannan ma maganar lafiyar majinyaci ce, domin ma'aikaciyar da bizarta ke hannun mai gidanta ba ta iya buɗe baki ta ce jadawalin nan zai kashe wani.

Da na ba tsohuwata labarin Iya, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce su a zamaninsu suna da lokaci ba su da sani, mu muna da sani ba mu da lokaci, can gidanmu kuma muna da mutane. Ta tambaye ni, mutum nawa na ce suna kwana da kakata? Na ce ba a rasa uku. Ta ce ita rabon da wani ya kwana a gidan nan tun rasuwar mijinta.

Mu Hausawa muna alfahari ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu, kuma abin alfahari ne. Najeriya ta yi dokar kafa cibiyar kula da dattawa a 2018, ta yi ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci a 2019, amma a tsakar gida har gobe jinya tana wuyan 'ya da suruka da jika, sai kuma 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye ba wanda ya nuna mata komai. Gidaje suna ƙara tsukewa, 'ya'ya suna watsuwa Abuja da Legas da ƙasashen waje, irina. Ranar da za mu riƙa biyan baƙo ya shiga ɗakin iyayenmu ta riga ta zo. Ingila sai da ta yi shekara goma tana tura baƙi ɗakunan tsofaffinta ba bincike, sai da mutane suka wulaƙanta wasu suka mutu, sannan ta rubuta abin da ta rubuta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Watan jiya Umma ta kira ni, ta ce Baffa ya faɗi, hannu da ƙafa na dama ba sa motsi, an sallamo shi daga asibiti. Na ce, Umma, a samo littafi na makaranta a ajiye a bakin gadonsa. Abin da na sa ta rubuta a shafin farko shi zan bar wa mai karatu. A riƙa juya shi kowace awa biyu zuwa huɗu, dare da rana, a rubuta lokacin. A duba ƙugu da duwawu da dugadugai kullum, in wuri ya yi duhu ko zafi ko tauri a ɗauke masa nauyi, kada a murza, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Kada a ba shi ko ruwa sai an zaunar da shi, in yana tari wajen haɗiya a koma wa likita. Kada a ja shi ta hammata. Maganinsa mutum ɗaya ya riƙe, ya rubuta duk abin da ya ba shi. A yi masa sallama kafin a shiga, a rufe masa jiki wajen wanka, a tambaye shi abin da yake so, domin ciwo bai sauke shi daga girmansa ba. In za a ɗauki mai taimako a san asalinta, a koya mata, a biya ta haƙƙinta. Ita kuma wadda ke kwana da shi, a karɓe ta ta yi barci. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya buƙatar injin ɗaga mutum ko izinin hukuma. Wanda yake da mai jinya a gida, ya fara yau.